Yadda masana ke auna ƙarfin da ƙwayoyin halittar jiki ke jan makwancinsu da shi

Jikin ɗan Adam ya ginu ne da ƙananan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Masana kimiyya sun daɗe suna nazarin sinadaran da ke cikinsu, to amma a 'yan shekarun nan hankali ya karkata ga wani ɓangare na daban, wato ƙarfin da ƙwayoyin ke amfani da shi wajen ja da tura abin da ke kewaye da su.

Wannan ƙarfi shi ke sa bakin rauni ya haɗe a lokacin da yake warkewa, shi ne kuma ke taimaka wa ƙwayoyin cutar sankara su kutsa daga inda suka tsiro zuwa wasu sassan jiki.

Ƙarfin ba shi da yawa. Ma'aunin da masana ke kira niyuton ɗaya ya yi daidai da nauyin abu mai giram 100 a tafin hannu. Ƙarfin da ƙwayar halitta ke ja da shi a wuri guda kuwa, ana lissafa shi ne da kashi ɗaya cikin biliyan na niyuton. Babu sikelin da zai iya ɗaukar wannan, don haka sai masana suka ɓullo wa lamarin ta wata hanya: su ɗora ƙwayar a kan wani abu mai taushi, su ga yadda za ta lanƙwasa shi.

A shekarar 1980 ne Albert Harris da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina da ke Amurka suka shimfiɗa ƙwayoyi a kan wata roba mai sirantaka ƙwarai. Da ƙwayoyin suka fara rarrafe, sai robar ta yamutse kamar zanen gadon da aka ja da hannu. Wannan ya tabbatar da cewa ƙwayoyin na ja, sai dai fitar da adadi daga yamutsewar ya yi wuya.

A 1999 Micah Dembo da Yu-li Wang suka inganta dabarar. Sun yi amfani da wata shimfiɗa mai laushi da danƙo wadda aka san iyakar taurinta, aka barbaɗa ƙananan ɗigo masu ƙyalli a cikinta. Akan ɗauki hoto lokacin da ƙwayar ke kai, a sake ɗauka bayan an cire ta shimfiɗar ta koma yadda take. Daga nisan da kowane ɗigo ya gusa, kwamfuta kan lissafa ƙarfin jan da kuma inda ya dosa.

A 2003 kuma ayarin Christopher Chen a Jami'ar Johns Hopkins ya fito da wata hanyar, inda ake kwantar da ƙwayar a kan jerin ƙananan turaku na roba. Gwargwadon yadda turke ya ranƙwafa, gwargwadon ƙarfin da aka ja shi.

Binciken ya nuna cewa da wannan ja ne ƙwayoyin ke gane taurin wurin da suke, kuma abin da suka ji na sauya halinsu. A 2006 ayarin Dennis Discher a Jami'ar Pennsylvania ya nuna cewa ƙwayoyin asali da aka ciro daga ɓargo kan ɗauki kamannin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa a kan shimfiɗa mai laushi, na tsoka a kan matsakaiciya, na ƙashi kuma a kan mai tauri.

Nan ne lamarin ya shafi lafiya. Ƙullutun sankarar mama ya fi naman da ke kewaye da shi tauri, shi ya sa ake iya jin sa da hannu, kuma gwaje-gwaje sun nuna cewa taurin kan sa ƙwayoyin su ƙara ja da yaɗuwa. Haka nan idan ƙwayoyin da ke ɗinke rauni suka wuce gona da iri, tabo kan taurare, abin da kan lalata hanta ko huhu.

An kuma yi amfani da dabarar a kan ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro. A 2009 masana a Jami'ar Heidelberg ta Jamus suka auna yadda take kama wuri tana saki domin ta sulala, irin motsin da take buƙata kafin ta ratsa fata ta shiga jini bayan sauro ya yi cizo.

To sai dai kuma akasarin gwaje-gwajen a kan shimfiɗa ake yin su a ɗakin bincike, alhali a cikin jiki ƙwaya na kewaye ne ta kowace fuska. Auna wannan ƙarfi a cikin jiki mai rai shi ne babban aikin da ke gaban masana.