Makulli Ya Cije, Injin Kafinta Ya Ƙone

Da zarar hunturu ya sauka a Yola da Jimeta, kasuwar kafintoci ta buɗe ke nan, domin ƙura kan cika makullan ƙofa har mabuɗi ya ƙi juyawa. Masu gida da yawa kan ɗura man gyaɗa ko baƙin mai a ramin. Wannan kuwa ƙara cuta ne, gama mai shi ke kama ƙura ta daskare. Goga bakin fensir a jikin mabuɗi ya fi.

In makullin ya mutu sarai, sai kafinta ya huda sabon gurbi, a nan ne kuma asarar take. Wutar da kamfanin YEDC ke raba wa gidaje bolt 230 ce, amma injin huda katako na gwanjo daga Amurka don bolt 120 aka ƙera shi. Wanda ya soka shi a bango kai tsaye, hayaƙi zai gani. Sauya filogi ba ya rage wuta. Sai an sa taransifoma mai rage ƙarfi a tsakani, wadda za ta iya ɗaukar nauyin injin. Inji mai jikin ƙarfe kuwa tilas a haɗa masa waya ta uku, watau ta ƙasa, don kada wuta ta ja mai riƙe da shi.