Bakin da ya rufe ba ya buɗewa da aikin likita kaɗai

 Wannan karo ba maganar zubi ko ranar fasa asusu na zo da ita ba. Maganar wata yarinya ce, ɗiyar ɗaya daga cikin matan ƙungiyarmu, da abin da ciwonta ya koya mini. Uwar ta yarda in rubuta, da sharaɗin kar in ambaci suna.

Yarinyar tana da shekara huɗu lokacin. Ƙyanda ta kama ta cikin bazara, ta tashi amma ba ta maida jiki ba. Ranar wani zubi uwar ta zo da ita goye, na ji wari na fita daga bakinta, miyau na zuba. Na buɗa leɓen na ga dasashi ya yi ja yana jini. Na ce, "Zafin ƙyanda ne bai gama fita ba, ki riƙa wanke mata da ruwan gishiri." Ni da na yi karatun yaƙi da jahilci, ni da ake tambaya, abin da na faɗa ke nan. Ruwan gishiri ba laifi ba ne, amma ban ce a kai ta likita ba. Bayan kwana huɗu kunci ya kumbura. Kakarta ta ce iska ce, aka nemi turare da rubutu. Kafin a kai ga majon likita, wani baƙin tabo ya fito a kuncin, naman wurin ya mutu.

Ciwon nan likitoci na kiransa noma. Ba noman gona ba, kar ku yi dariya, kalma ce ta Girkanci mai nufin abin da ke cin nama. Wasu a ƙasar Hausa na ce masa ciwon iska, wasu ciwon daji. Ya fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6, waɗanda tamowa ta raunana, ko suka tashi daga ƙyanda ko masassara, ga kuma baki ba ya samun wanki. Daga dasashi yake farawa, cikin kwanaki kaɗan ya ci kunci, leɓe, wani lokaci har hanci da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara, kuma in ba magani har tara cikin goma na mutuwa. A watan Disamba 2023 hukumar ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, bayan Najeriya ta shigar da buƙatar. Ba a ɗaukarsa daga wani yaro zuwa wani, saboda haka ba dalilin hana yaranmu cin kwano guda da wanda ya yi shi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a matakin da na gan ta ranar zubi, ƙwayoyin magani irin su amoxicilline da métronidazole, da wankin baki, da cimaka mai kyau, sun isa su tsayar da shi. Kuma tun 2006 doka ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kyauta ne a likitar gwamnati.

Allah ya yi da sauran kwana, yarinya ta rayu. Miki ya warke, ya bar rami a kunci. Muka ce alhamdu lillahi, an gama. Ashe yanzu aka fara.

Tabon miki ba kamar nama mai lafiya ba ne. Kun ga fatar akuya in an shanya ta, yadda take ƙanƙancewa ta yi tauri? Haka tabon ke yi cikin kunci, yana jan muƙamuƙin sama da na ƙasa suna haɗewa kaɗan-kaɗan. Wata uku bayan warkewa, tuwo ba ya shiga bakinta. Wata shida, sai hura mai ruwa-ruwa da uwar ke ɗura mata ta ramin kuncin. Magana ta koma gunguni. Yaron da haƙoransa suka datse haka ba a iya wanke masa baki, kuma in amai ya taso masa yana iya shaƙe shi. In aka bar abin ya daɗe, ƙashi na iya toho ya manne muƙamuƙin, a nan kam ba abin da zai buɗe shi sai aikin tiyata.

Akwai inda ake wannan aiki. A Damagaram, ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis na karɓar yaran noma tun 1992. Ƙungiyar Jamusawa Hilfsaktion Noma ita ma ta daɗe tana aiki a Nijar. A Sakkwato akwai asibitin yara na noma da aka buɗe a 1999, wanda likitocin MSF ke tallafa wa tun 2014. Amma kar mace ta ɗauki ɗa ta hau mota da ka. A fara da likitar da ke kusa, su duba, su rubuta takarda, su faɗi inda za a nufa. Kuma ba a gaggawar gyaran fuska, sai miki ya warke sarai yaro ya yi ƙwari, sau da yawa shekara guda ko fiye.

Yarinyarmu an yi mata aiki, aka toshe ramin, aka saki muƙamuƙi. Da suka komo gida bakinta na ɗaukar yatsunta uku a jere. Uwar ta kwance ɗaurin zane ta nuna mana wasu ƴan katakai masu faɗi, irin waɗanda likita ke danne harshe da su in zai duba maƙogwaro. Ta ce ma'aikacin motsa gaɓoɓi, wanda a likita ake ce ma kine, ya koya mata: a jera katakan bisa juna, a sa tsakanin haƙoran sama da na ƙasa ta gefe, a bar su ɗan lokaci, a cire, a sake. Sau da yawa a wuni, kowace rana, wata da watanni. In baki ya saba, a ƙara katako guda. Ga kuma murza tabon da yatsa mai tsabta, waje da ciki, don ya yi laushi.

Ba mu ɗauki abin da muhimmanci ba, har da ni. Mun ga likitoci sun yi babban aiki, mi wasu ƴan itatuwa za su ƙara? Sannan damina ta faɗi. Uwar na gona tun sassafe, ta komo ga daka, ga ɗibar ruwa. Yarinya kuma da ta ga katakan sai kuka. Kakar ta ce, "Ke, ki bar ɗiyar nan ta huta, azabar da ta sha ba ta isa ba?" Wa zai ga laifin tsohuwa? Aka bari kwana biyu, aka bari mako, katakai suka shige ƙasan akwati. Kafin a yanke hatsi, yatsa guda ke shiga, shi ma da ƙyar.

Ranar da uwar ta nuna mini, ta ce, "Yaya, duk wahalar nan ta tashi banza ke nan?" Ban sami abin ce mata ba. Muka ciri kuɗin mota daga asusun agaji, ta koma. Aka ce mata ƙashi bai manne ba tukuna, tabo ne ya ja, ana iya kwato wani abu in aka dage.

Nan ne ƙungiya ta shigo. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, abin da ya riƙe tsarin shi ne kowace mace na kawo ɗan kaɗan ba fashi. Sai muka ce mu yi ma bakin yarinyar nan zubi. Mata uku da ke makwabtaka da gidan suka raba wuni da uwar: ɗaya bayan asuba, ɗaya da hantsi, ɗaya bayan azahar, uwar kuma da dare. Dukansu uwar ta koya musu yadda aka koya mata, kuma sai an wanke hannu da sabuni. Magatakardarmu ta ware shafi a bayan littafin zubi, kowane mako a gwada bakin da yatsun yarinyar a rubuta, a rubuta katako nawa ya shiga.

Kukan kuwa dubara ta yi maganinsa. Mun lura in ta farka da yunwa ko tana jin barci, faɗa ake yi. In an fara da tsumma mai ɗumi a kunci, aka murza da ɗan man kaɗe a waje, sai ta saki jiki. Wata ƴar ƙungiya ta riƙa yi mata tatsuniya, katako ba ya fita sai Gizo ya gama wayonsa. Sauran motsin kuma wasa ne tsantsa, yaran gida duka suka shiga: hura gashin kaza bisa tabarma a ga na wa zai yi nisa, cika kumatu da iska a riƙe, tsotsar kunu da tsinken roba, lasar zuma da aka ɗiga a leɓen sama don harshe ya miƙe, turo baki a ce "u" sannan a ja shi a ce "i". Waɗannan su ke ƙarfafa leɓe ya iya rufewa, miyau ya bar zuba, haruffa irin "b" da "m" su fito.

Abu guda nake roƙonku. Kar wata ta karanta wannan ta je ta feƙe icce ta cusa ma ɗa a baki. Na ji labarin inda aka ɓamɓare bakin yaro da cokali, haƙora biyu suka karye, baki bai buɗe ba. Sai ma'aikacin lafiya ya duba ya tabbatar tabo ne ba ƙashi ba, shi zai faɗi yawan katako da tsawon lokaci. Motsin na ja, yana da ɗan zafi, amma in jini ya fito, ko ɗinki ya buɗe, ko wuri ya kumbura, a tsaya a koma likita.

Tun da idona ya buɗe kan wannan, sai na ga ba yaran noma kaɗai ke buƙatar irin wannan kulawa ba. Manya ma. Kun san wanda zai kwanta lafiya ya tashi baki ya karkace, ido guda ba ya rufewa, a ce iska ta mare shi. Iri biyu ne, kuma bambancin na iya zama rai da mutuwa. A ce masa ya ɗaga gira, ya ɗaga hannuwa biyu, ya yi magana. In hannu ko ƙafa ta yi nauyi, ko magana ta sarƙe, shanyewar ɓarin jiki ce, wadda hawan jini ya fi kawowa, a nemi mota nan take ko da tsakar dare ne. In kuwa fuska ce kaɗai, har goshin gefen ba ya motsi, sau da yawa jijiyar fuska ce ta kumbura. Mafi yawa na warkewa cikin makonni ko ƴan watanni, amma maganin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana 3 na farko, don haka shi ma likita za a nufa. Idon da ba ya rufewa shi ne abin tsoro, ga ƙurar ƙasarmu. A kare shi da rana, a rufe shi da dare yadda likita ya nuna. Daga baya a zauna gaban madubi ana motsa gira da leɓe a hankali, ba da ƙarfi ba.

Tsohuwa ko tsohon da ɓarin jiki ya shanye, haɗiya ce matsalarsa. Mu kan ba shi ruwa yana kwance, ya ƙware, abin ya gangara huhu, bayan kwanaki sai zazzaɓi da tari. A zaunar da shi tsaye, a ba shi da ƙaramin cokali, kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsalala sauƙin haɗiya ga mafi yawansu. A duba kuncin da ya mutu ko abinci ya maƙale, kuma kar a kwantar da shi sai bayan rabin awa.

Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganɗa kuma, ana ɗinke shi, asibitin yara na CURE da ke Yamai tun 2010 na cikin masu yi. Kafin nan, abin da ke gaban uwa shi ne ya sha nono ya yi nauyi: a riƙe shi kusan a zaune, in tsotso ya gagara a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi ko cokali.

A ƙungiyarmu mun ƙara abu biyu cikin dokokinmu, kowace ƙungiya ta duba ko za su yi mata. Na farko, bashin kai yaro likita daga asusun agaji ba riba a kansa, kuma ba a jiran ranar zubi, shugaba da ma'ajiya da mai makulli sun isa su fitar. Na biyu, zubin farko na kowane wata, kafin a buɗe akwati, kowace uwa ta buɗa bakin yaranta ƙanana a duba dasashi. Ja, jini, wari, ko kumburin kunci, washegari likita. Mun fi matsawa daga bazara zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Muna kuma tuna ma juna rigakafin ƙyanda, da sa garin wake ko ƙuli-ƙuli ko zogale a kunun yara, da goge musu baki da tsumma mai tsabta ko asuwaki mai laushi. A wata na uku da fara wannan, muka tarar da wani yaro dasashinsa na jini yana wari. Aka kai shi washegari, ya sha magani, mako guda ya warke, ba ko tabo.

Ita kuwa yarinyarmu, yanzu tana da shekara bakwai. Yatsu uku ba su komo ba. Littafin zubi ya nuna biyu tun watanni huɗu da suka wuce, kuma an ce mana mai yiwuwa sai an sake wani aikin in ta ƙara girma. Amma tana cin tuwo da hannunta, an sa ta lakkwal bana, malaminta na gane abin da take faɗa. Katakan na cikin wani gwangwani bisa taga, yanzu da kanta take sa su, kakarta ce ke ƙirga mata.