Shirin Musamman: Gorar Ruwa a Ƙugun Mai Gudu

Yau shirin namu ya leƙa Tudun Wada a birnin Jos, wajen masu gudun dogon zango, kuma zancen ruwan sha za mu yi: ina mai gudu zai riƙe shi, kuma nawa zai sha?

Wanda ya san Tudun Wada ya san unguwa ce ta hawa da gangara, gidaje a tsakanin duwatsu. Da sassafe za ka ga samari da 'yan mata sun hau titi, wasu sun nufi wajen gidan namun daji, wasu sun bi ta Sakatariya sun miƙe har Rayfield. Jos tana zaune a tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma Filato ta yi suna wajen fitar da gwanayen gudun fanfalaki. Tun da aka fara gasar gudun ta Legas a 2016, 'yan jihar irin su Iliya Pam da Deborah Pam sun sha riga sauran 'yan Najeriya kammala kilomita 42.

Ranar gasa da sauƙi, domin ƙa'ida ce a jera teburan ruwa kusan kowace kilomita 5. Ranar atisaye ce ba mai miƙo maka komai. Ga kuma sanyin Jos da ke ruɗin mutum. A hunturu iska busasshiya ce, tana shanye zufa tun kafin riga ta jiƙe, kowane numfashi ma yana fita da ruwa. Sai ka ji mai gudu yana cewa, "Ai ban yi gumi ba." Ka yi, malam, iska ce ta kwashe. Mai gudu kan zubar da rabin lita zuwa lita 2 a awa guda, gwargwadon jikinsa da yanayin gari, kuma da zarar ya rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙafa takan yi nauyi, bugun zuciya ya ƙaru.

A nan bel ɗin ruwa ke da rana. Ɗamara ce mai ɗan faɗi, mai roba, da aljihuna na ƙananan goruna biyu ko huɗu, kowace ba ta kai ledar fiya wata ɗaya ba. A kan ƙashin ƙugu ake ɗaura ta, ba a kan cibiya ba, a matse yadda yatsu biyu kawai za su shiga. In ta yi sako-sako, da ka fara gangara goruna za su riƙa dukan bayanka, kafin ka dawo gida fata ta saɓule. Ka sha daga gorar dama, sannan ta hagu, don kada nauyi ya karkata gefe guda. Kuma kada ranar gasa ta zama ranar da za ka fara gwada ta.

Wani zai ce, ga fiya wata a kowane shago, me ya kai ni sayen bel? Tambayar tana kan hanya. Amma da asuba yawancin shaguna a rufe suke, kuma leda in ka fasa ta da haƙori ba ta rufuwa: ko ka kwankwaɗe rabin lita lokaci guda ciki ya riƙa ƙugi, ko ka zubar, ledar kuma ta ƙare a kwata. Riƙe gora a hannu kuwa yana sa kafaɗa ta ƙage. Wanda sabon bel ya fi ƙarfin aljihunsa, ya duba wajen 'yan gwanjo a kasuwar Katako, ko ya kai wa tela roba mai faɗi da goruna biyu a auna a ɗinka.

Sai dai a yi hattara, yawan ruwa ma cuta ne. A gasar Boston ta Amurka a 2002, likitoci sun gwada jinin masu gudu 488, suka tarar kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, galibi saboda shan ruwa fiye da kima. Abin yakan zo da ciwon kai, amai da ruɗewa, yana kuma kisa. Don haka kurɓi kaɗan-kaɗan idan ƙishi ya taso. In gudun zai kai awa 2, a cika gora ɗaya da ruwan gishiri da sukari, irin na ƙunshin da ake sayarwa a kemis.

Hanyar sanin buƙatarka ba wuya. Hau sikeli kafin ka fita, ka sake hawa da ka dawo. Kowane kilo 1 da ya ragu, kusan lita 1 ce ta ruwa. In kuwa nauyi ya ƙaru, ka sha ya wuce.

Gudun da bai kai awa guda ba, a sanyin safiya, ba ya buƙatar bel. Sha kafin ka fita ya wadatar. Amma mai shirin kilomita 20 ko 30 a kan waɗannan tuddai, don Allah kada ya fita ƙugu wayam. A wanke goruna da sabulu bayan kowane gudu, a bar su a buɗe su bushe.