Haɗin da wai yake maganin komai a kaji da kifi

Da hunturu ya shigo, fakat, wato cutar Newcastle, takan fara kwashe kaji. A daidai lokacin ne kuma masu tallar "haɗi" ke cika kasuwanni da zaurukan WhatsApp.

Ni abin da nake fara dubawa shi ne yawan alƙawari. Gora ɗaya wai tana maganin fakat, Gumboro da murar tsuntsaye, ta kuma kai tarwaɗa kilo ɗaya cikin wata guda. Tarwaɗa fa ko da abinci mai kyau da canjin ruwa sai ta ɗauki wata huɗu zuwa shida. Su kuwa cututtukan nan uku duk ƙwayar bairos ce ke kawo su, wadda ko maganin antibayotik ba ya kashe ta, balle barkono da sassaƙen maɗaci.

To me ya sa wani zai rantse maka cewa ya gwada ya yi aiki? Ba lallai ƙarya yake ba. Fakat ba kullum take share keji kaf ba. A ce kaji hamsin ne, talatin suka mutu, ashirin suka tashi da ƙarfin jikinsu. Mai haɗi zai nuna maka ashirin ɗin a bidiyo, talatin ɗin kuwa an riga an binne su. Tambaye shi: waɗanda ba a ba haɗin ba, nawa suka rayu? Yawanci nan zance ke ƙarewa.

Sai sirri. Ba sunan abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. In kuma bai yi ba, laifinka ne, ko a ce kambun baka ne.

In garin saurin girman kifi ne, gwaji ba wuya: raba 'ya'yan kifin gida biyu, abinci iri ɗaya, ɓangare guda kawai za ka ba garin, bayan wata ka ɗora su a sikeli.

Amma fakat kar ka yi gwaji da ita. Rigakafi ake yi tun kajin na da lafiya, irin su Lasota, wanda cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato ma tana haɗawa. Saya a wurin da ake ajiye shi a firiji, ka ɗauko shi cikin ƙanƙara, malamin dabbobi ya tsara maka ranakun bayarwa.