Jinginar gona a Bande: a rubuta kafin a ba da kuɗi

A ƙasar Bande, kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, mutane sun yi yawa, gonaki sun yi kaɗan. Shi ya sa haya da jingina suka yawaita. In hatsi ya ƙare a rumbu, ko biki ya taso, sai mai gona ya sa dillali ya nemo mai kuɗi.

Ga yadda rigima take tashi. A ce mutum ya danƙa wa dillali jika 100, ya karɓi gona jingina, ba takarda, ba shaidu. Bayan damina 3 mai gona ya zo fansar gonarsa. Ya ce jika 80 kaɗai suka shigo hannunsa. Dillali ya ce sauran 20 la'adarsa ce. Wani lokaci kuma mai gona ya rasu, magada su ce ai haya aka yi, ba su biyan ko dala.

Haya daban, jingina daban. Kuɗin haya ba su komowa. Kuɗin jingina kuwa ana maida su cif ranar da aka maida gona. La'ada hakkin dillali ce, amma a yanke ta tun farko, a san mai biyan ta.

Wanda kuɗinsa suka maƙale, kada ya ɗauki sanda. Ya tafi wurin mai gari, a kira mai gona da dillali da maƙwabtan gona. In ba a shirya ba, sai gaban sarki. Aikin sarakuna sulhu ne, kuma a rubuta abin da aka yi. In sulhu ya gagara, sai alƙali a Magarya.

Amma rigakafi ya fi magani. Ranar 2 ga watan Maris 1993 gwamnatin Nijar ta kafa dokar karkara mai lamba 93-015. Daga nan aka samu kwamitocin kula da filaye, waɗanda ake kira kofo. A ƙauye mai gari ne shugaba, tare da magatakarda da wakilan manoma, makiyaya, mata da samari. Suna ba da takardar saye, haya, aro, kyauta da jingina.

To, manoma, a ƙirga kuɗi gaban mai gona da shaidu. A rubuta yawansu, da iyakar gona, da lokacin fansa. Kowa ya adana takardarsa inda gara ba ta kai. Wanda ya shiga yaƙi da jahilci kuwa, shi da kansa zai karanta kafin ya dangwala yatsa.