Kukan jariri: abin da za mu yi da abin da za mu bari

Jariri ba shi da magana sai kuka. Da kuka yake faɗin yunwa, da shi yake faɗin zafi, ko sanyi, ko jiƙewar zane. Likitoci sun lura cewa kukan yakan ƙaru daga sati 2 bayan haihuwa, ya fi yawa wajen sati 6, sannan ya ragu a wata 3 zuwa 4. Da maraice ya fi tsananta, daidai lokacin da uwa ta gaji. Yawancin wannan kuka ba na ciwo ba ne.

A garuruwanmu na Sae Sabuwa, idan kuka ya yi yawa, mukan ɗora wa nonon uwa laifi. Mu ce ba shi da kyau, ko bai isa ba. Sai a ba jariri ruwa ko bauri. Wani lokaci a kira wanzami ya cire beli. Nan ne haɗarin yake. Ruwan da ba shi da tsabta yana kawo zawo, kuma yana cika ɗan cikin jariri har ya rage shan nono. Idan ya rage sha, nonon ma sai ya ragu. Aska kuwa tana iya kawo zubar jini da ƙwayoyin cuta. Nono kaɗai ya ishi jariri har wata 6, ko a zafin bazara, domin akwai ruwa a cikinsa.

Idan ya fara kuka, a fara da ba shi nono. Jariri yakan sha sau 8 zuwa 12 a dare da rana, wannan ba kwaɗayi ba ne. In ya ƙoshi, a ɗora shi a kafaɗa, a shafa bayansa har ya yi gyatsa. A duba zanensa. A kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe su idan lokacin ɗari ne. A yi masa magana a hankali, ya san muryar uwarsa tun yana ciki.

Mai haihuwar fari takan ji kunyar ɗaukar ɗanta a gaban manya. Kunya ado ce, amma jariri bai san ta ba. Iyayenmu mata, ku ce mata ta ɗauke shi.

Wata rana za a yi duk wannan, kuka bai tsaya ba, har ran uwa ko na uba ya ɓaci. To, kada a girgiza jariri da ƙarfi, ko sau ɗaya. Wuyansa bai yi ƙwari ba. Girgiza tana iya tsinka jijiyoyin jini a kansa, ya makance ko ya mutu. Gara a miƙa shi ga kaka ko ga maigida. In babu kowa, a kwantar da shi rigingine cikin gidan sauro, a fita tsakar gida a sha iska kaɗan, sannan a dawo.

Akwai kukan da ba a lallashinsa a gida. Idan jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko yana suma, ko cibiyarsa ta yi ja tana ruwa, ko idonsa ya yi rawaya, a kai shi likita nan take, ko da dare ne. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. In abin ya fi ƙarfin likitar gari, za a tura ku asibitin Gidan Rumji ko na Maraɗi. A tafi da katin awo, kuma uwa ta ci gaba da ba shi nono a kan hanya.