Sani Kaɗai Ba Ya Kai Mace Awo

Duk mai sauraren rediyo a Dakusa ko wani gari na jihar Damagaram ya haddace gargaɗin ma'aikatan lafiya: a je awon ciki, a haihu a gidan likita, a kwana cikin sange, kada a ba jariri ruwa sai ya cika wata shida. An faɗa a rediyo, an faɗa ranar kasuwa, an faɗa wajen suna. Amma har gobe akwai gidan da sange ke ƙunshe cikin ledarsa, akwai kuma matar da za ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaka. Da an tambayi dalili sai a ce jahilci ne. Wannan amsar malalaci ce, domin yawancin mutanen nan sun sani sarai. Likitoci da masu nazarin al'adu da masana tattalin arziki sun daɗe suna bin diddigin abin da ke shiga tsakanin sani da aikatawa, kuma ɗaya daga cikin manyan darussan da suka samu a ƙasarmu Nijar aka koye shi.

A 2007 Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNFPA, ya sa aka yi bincike a jihar Damagaram kan abin da ke hana mata zuwa gidan likita. Abin da ya fito fili shi ne, an shekara da shekaru ana yi wa mata lacca, alhali yanke shawara ba a hannunsu yake ba. Izinin fita na maigida ne, kuɗin mota na maigida ne, amalanken da za a ɗauke ta ma sai ya ce a ɗaura. Idan cikin fari ne kuma ga kunya, ga uwar miji na cewa "mu da muka haifi goma a ɗaka me ya same mu?" Yarinya 'yar shekara 17 ba za ta tsallake wannan maganar ba don ta ji wata sanarwa a rediyo.

Daga nan aka buɗe makarantun mazaje a 2008, guda 11, a yankunan Magarya da Matamai. Ba allo, ba malami. Magidanta ne da ba su wuce 12 ba, waɗanda gari ya shaide su, kuma matansu na zuwa awo. Suna zama sau biyu a wata, sau da yawa tare da ma'aikacin lafiya, su duba inda ake samun cikas a garinsu, sannan su bi 'yan'uwansu maza a majalisa da ƙofar masallaci. Wasu sun gina wa ungozoma ɗakin kwana don a same ta da dare, wasu sun yi makewayi a gidan likita. Abin lura a nan, babu wani sabon ilimi da aka kawo. An dai canza wanda ke magana da wanda ake yi wa ita. Magidancin da zai toshe kunne ga baƙuwar ma'aikaciya zai ji kunyar abokin nomansa idan ya ce masa, "Malam, tawa ma can ta haihu, kuma ba abin da ya ragu a jikina." Tsarin ya bazu a Nijar, wasu ƙasashen Afirka ta Yamma kuma suka ɗauka.

Wani darasin kuma daga kurkunu ne, cutar da dattawanmu ke tunawa. Mutum ya sha ruwan tafki, bayan kamar shekara tsutsa mai tsawon da kan kai mita guda ta ɓullo masa a ƙafa, galibi daidai lokacin da gona ke nemansa. Ba ta da riga-kafi, ba ta da ƙwaya. A 1986, lokacin da Cibiyar Carter ta shiga yaƙi da cutar, an ƙiyasta masu cutar a duniya sun kai miliyan 3.5. A 2023 ba su kai 20 ba, kuma tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar da Najeriya sun rabu da ita. Da me aka ci wannan nasara? An raba ƙyallen tace ruwa gida-gida, an ba makiyayi da matafiyi ɗan bututu mai mataci ya rataya a wuya, an sa ɗan gari ya hana mai gyambon shiga tafki, an haƙa rijiyoyin burtsatse. Ba a tsaya ga cewa "ku sha ruwa mai tsabta" ba, an sa abin yi a hannun mutum.

Masana tattalin arziki sun zo da nasu. A yankin Udaipur na Indiya, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, sun gwada wani abu kan riga-kafin yara tare da abokan aikinsu. A ƙauyukan da ba a taɓa komai ba, yara 6 cikin 100 ne suka kammala riga-kafi. Inda ma'aikaci ke zuwa kowane wata ba fashi, sai suka kai 18. Inda aka ƙara wa uwa kilo ɗaya na wani irin wake a kowace allura, suka kai 39. Wake kilo ɗaya ba ya sauya aƙidar kowa. Abin da ya nuna shi ne yawancin iyayen nan ba ƙin allurar suke ba, "sai gobe" ce ke cin su, ga surfe, ga ɗiban ruwa, ga tafiyar ƙafa. Su kuma masana halayyar ɗan Adam sun lura cewa tsoratarwa zalla, ba tare da an nuna wa mutum abin da zai iya yi ba, takan sa ya kawar da kai ne kawai, kuma sabon hali ya fi kama jiki idan an ɗaura shi a kan wanda aka saba. Sabulun da ke ajiye kusa da buta ya fi fosta goma a bango aiki.

Laifin bai tsaya kan magidanta ba. Matar da ta taka ƙafa tun asuba ta tarar babu magani, ko aka yi mata tsawa gaban jama'a, ba za ta koma ba, kuma za ta gaya wa maƙwabtanta. Ma'aikacin da ke ƙorafin mutane ba sa zuwa ya fara duba irin tarbar da ake yi musu.

Kai kuma maigida, kada ka jira sai naƙuda ta tashi kafin ka fara tunani. Tun ciki na wata bakwai ka ware kuɗi, ka san mai mota ko mai amalanken da za ka tasa ko da tsakar dare ne, ka kuma faɗa wa iyalinka da mahaifiyarka a fili cewa ko ba ka nan ka ba da izinin a tafi. Zubar jini, kumburin fuska da hannuwa, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, ko naƙudar da ta wuce awa 12, duk ba abin jira ba ne, kuma ba na jiƙo ba ne. Ranar awo ta gaba, ka raka ta da kanka ka ji abin da ungozoma za ta ce.